Me Ya Hana Bulgarawa Kafa Daular da Ta Fi Wadda Suka Kafa?

"Malam, barka da aiki. Na ci karo da taswirar Bulgeriya ta zamanin sarkinsu Simiyon, sai na ga ta mamaye kusan duk yankin Balkan. Na kuma karanta cewa sun sha lallasa Rumawa a fagen daga, har sun taɓa kashe musu sarki. To me ya hana su zama gagarumar daula irin ta Rumawan ko ta Turkawa? Rashin sa'a ne, ko dama can ba za su iya ba?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayar taka 'yan biyu ce. Ta farko, ko Bulgarawa suna da ƙarfin da za su faɗaɗa ƙasarsu fiye da inda ta tsaya. Ta biyu, ko za su iya riƙe abin da suka ci ya daɗe a hannunsu. Na shafe shekaru ina koyar da tarihin Rumawan gabas da maƙwabtansu, kuma na lura ɗalibai kan haɗe waɗannan biyun wuri guda, alhali cin ƙasa daban, riƙe ta daban. Abin da na tsaya a kai shi ne, Bulgarawa za su iya ƙara girma, amma ba ta hanyar da manyan sarakunansu suka nace wa ba. Sun ƙare ƙarfinsu a ƙofar birni ɗaya, Kustantiniyya, wato Santambul ta yau, birnin da ba a cinsa sai da jiragen ruwa, su kuwa mutanen doki ne.

Asalin daular a taƙaice

Bulgarawan farko makiyaya ne mahaya dawaki daga filayen da ke arewacin Bahar Aswad. Da Khazarawa suka wargaza tarayyar da sarkinsu Kubrat ya haɗa, sai suka watsu. Wani reshe ya yi arewa zuwa kogin Volga; su ne waɗanda Ibn Fadlan ya je wa a 922 da saƙon Halifa Muƙtadir, suka zama Musulmi. Wani reshen kuma, ƙarƙashin Asfaruk ɗan Kubrat, ya gangaro bakin kogin Danub, ya karya rundunar Rumawa a 680, a 681 Rumawa suka amince da ƙasarsa har da biyan kuɗi duk shekara. Wannan reshen ne muke magana a kai. Sun tarar da ƙabilun Slav, waɗanda Larabawa ke kira Saƙaliba, sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma a hankali harshen talakawan ya haɗiye na masu mulkin.

Daular ta yi rayuwa sau biyu. Ta farko daga 681 zuwa 1018, da fadarta a Pliska, sannan Preslav, a ƙarshe Ohrid. Ta biyu daga 1185 zuwa 1396, da fadarta a Tarnovo. A kowanne zango an sami lokacin da mai kallo zai rantse sun kusa haɗiye Rumawa. Shi ya sa tambayar taka ba ta banza ba ce.

Ganuwar da ta gagari kowa

Fara da Kurum, wanda sunansa a kunnen Bahaushe bai dace da halinsa ba ko kaɗan. A 811 sarkin Rumawa Nikiforos ya shiga Bulgeriya, ya ƙone Pliska, ya kama hanyar gida da ganima. Kurum ya tare shi a wani matsattsen kwari tsakanin duwatsu, ya toshe mafita da shingen itatuwa, aka yi wa rundunar kisan kiyashi, sarkin kansa ya mutu. Rabon da a kashe sarkin Rumawa a fagen yaƙi tun 378. Marubutan Rumawa sun ce Kurum ya sa an yi wa ƙoƙon kan Nikiforos ado da azurfa, yana shan giya da shi tare da hakimansa. A 813 ya sake karya su a kusa da Adriyanopol, ya zarce har gindin ganuwar Kustantiniyya.

To daga nan sai me? Sai tsayuwa. Ganuwar da aka gina tun zamanin Tiyodosiyos na Biyu, wajen shekarar 413, hawa uku ce: gwalalo mai faɗi a gaba, sai ƙaramar ganuwa, sai babbar da ta kai kusan mita 12 a tsaye, da hasumiyoyi jere a kanta, tsawonta ya kusa kilomita 6. Wannan ta ɓangaren tudu ke nan. Sauran ɓangarorin ruwa ne ya kewaye birnin, ga wata ƙatuwar sarƙa da ake ja a toshe bakin mashigin da ake kira Ƙahon Zinariya. Ko ka yi sansani shekara guda a gaban ganuwar, hatsi na shigowa ta teku, mutanen ciki na ci suna ƙoshi, kai da ke waje ne yunwa da annoba za su fara ci. Kurum ya yi yanke-yankensa na tsafi a gaban Ƙofar Zinariya, babbar ƙofar ganuwar, ya nemi a bar shi ya kafa mashinsa a jikinta, aka hana shi. Ya koma gida yana tanadin manyan majaujawa da amalanke, ajali ya riske shi a watan Afrilun 814 kafin ya dawo.

Ɗalibai kan ce, ai da bai mutu ba da ya ci birnin. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin tarihin da Bulgarawan kansu suka taka rawa a ciki. A 717 Maslama ɗan Abdulmalik ya zo da rundunar Banu Umayya ta ƙasa da ta ruwa, da dukiyar halifancin da ya miƙe daga Andalus zuwa Sind a bayansa, ya yi shekara guda bai shiga ba. Wutar Girkawa, wadda ake fesawa ta bututu tana ci a kan ruwa, ta cinye masa jirage, sanyi da yunwa suka ci mutanensa, Bulgarawa kuma suka far masa ta baya. Abin da ya gagari Maslama da jiragensa, ban ga yadda Kurum zai yi shi da shanu da amalanke ba. Wani abin lura ma, lokacin da Kurum ya ci garin Mesembriya a 812, ya sami bututun fesa wutar nan guda 36 da ruwan wutar kanta. Makami mafi daraja a duniyar lokacin ya faɗo hannunsa, amma ba shi da jirgin da zai ɗora shi, ba shi da gwanayen sarrafa shi.

Akwai wani aiki da nake ba ɗalibai a aji. Nakan raba musu taswirar Balkan wadda ba rubutu a kanta, in ce su ɗiga alama a duk inda babban birnin kasuwanci yake. In sun gama sai su ga ɗigon nan duk sun jeru a bakin ruwa kamar tsakiyar wuya, cikin ƙasa kuwa duwatsu ne da kwaruruka. Sai in ce su shafa launi a ƙasar Simiyon. Launin yakan cika takardar, amma manyan ɗigo biyun, Kustantiniyya da Tasalonika, suna waje. A 904 iyakar Simiyon ta zo kimanin kilomita 20 daga Tasalonika, duk da haka babu sarkin Bulgeriya ko ɗaya, a daular farko ko ta biyu, da ya taɓa cin garin da yaƙi. Taswirar da ka gani gaskiya ta nuna, sai dai ba ta nuna maka inda kuɗin yake ba.

Damar 913

In akwai ranar da tarihi ya kusa juyawa, to tana cikin watan Agustan 913. Simiyon ba baƙo ba ne a Kustantiniyya. Can ya yi karatu, ya iya Girkanci har ana yi masa laƙabi da rabin Bagirke. Ya san ganuwar ciki da waje, ya san ba ta faɗuwa, don haka ya nemi shiga ta ƙofar aure. A lokacin sarkin Rumawa, Kustantin na Bakwai, yaro ne ɗan kimanin shekara 8, riƙon ƙwarya kuma yana hannun babban limamin coci, Nikolas. Simiyon ya zo da runduna, aka zauna sulhu, Nikolas ya ɗora masa wani kambi a ka, aka kuma yi alkawarin yaron zai auri 'yar Simiyon. Surukin sarki yaro kuwa, a tsarin Rumawa, shi ne mai mulki.

Ba a yi shekara ba uwar yaron, Zowi, ta karɓe ragama, ta soke maganar auren. Simiyon ya rama a 917 a Ankiyalos, a gaɓar Bahar Aswad, inda ya yi wa rundunar Rumawa kisan da bayan shekaru masu yawa wani marubucinsu ya ce ya ga tulin ƙasusuwa a filin. Amma nasarar ta haifar masa da abin da ya fi tsoro. Faɗuwar gwamnatin Zowi ta buɗe wa Romanos Lekapenos hanya, ya aurar da tasa 'yar ga yaron a 919, ya zama abokin sarauta a 920. Ka san muƙamin Romanos kafin nan? Shi ne sarkin jiragen ruwan Rumawa. Mai jirgi ya shige ta ƙofar da mai doki ya yi shekara shida yana ƙwanƙwasawa.

Simiyon ya gane inda gizo ke saƙa. Wajen 922 ya aika jakadu zuwa ga Halifan Fatimiyya, Al-Mahdi, a ƙasar Tunisiya ta yau, da tayin cewa shi ya kawo dakaru ta ƙasa, Fatimiyyawa su kawo jirage, a raba ganima. Halifa ya karɓi maganar, ya haɗo su da nasa jakadun. A hanyar dawowa Rumawa suka kama jirgin a kusa da Kalabriya, kudancin Italiya. Romanos ya tsare Bulgarawan, ya sallami Larabawan da kyaututtuka masu tsoka, maganar ta mutu a nan. Ko saƙon neman jirgi ma sai da ya bi ta tekun da abokin gaba ke iko da shi.

Amma a ɗauka auren 913 ya ɗauru. Me za a samu? A ganina, ba babbar Bulgeriya za a samu ba. Simiyon zai tare a fadar Kustantiniyya, magatakardan Girkawa su kewaye shi, jikokinsa su tashi da Girkanci a baki, Preslav ta koma babban garin lardi. Daular Rumawa ta saba da haka. Ta sha naɗa Armeniyawa da mutanen Isauriya a gadon sarauta, ba ta zama tasu ba, su ne suka zama nata. Muƙamin da Simiyon ya riƙa kiran kansa da shi ma, sarkin Bulgarawa da Rumawa, ya nuna kujerar da idonsa yake kai.

Baitulmali

Wannan shi ne ɓangaren da masu son labarin yaƙi ke tsallakewa, kuma a wurina ya fi komai nauyi. Rumawa na karɓar haraji da tsabar zinariya, suna biyan soja albashi da ita, suna sayen ƙawaye da ita. In an karya musu runduna bana, baɗi su ɗauko wata daga Anadol, wato ɓangaren Turkiyya ta yau da ke Asiya. Sarkin Rumawa Basil na Biyu, bayan duk yaƙe-yaƙensa, ya mutu a 1025 ya bar zinariya fam 200,000 a taska, kamar yadda marubutansu suka rubuta.

Bulgeriya ta farko kuwa harajinta na amfanin gona ne. A zamanin sarki Samuyil, duk mai shanun huɗa guda biyu zai ba da awo ɗaya na alkama, awo ɗaya na gero, da tulun giyar inabi. Tsarin ya zauna wa talakawa daram, har Basil da ya ci ƙasar a 1018 ya bar shi yadda yake. Da magadansa suka ce a koma biya da kuɗi, sai tawaye ya tashi a 1040. To gero na ciyar da runduna a gida, amma ba a ɗaukarsa a sayi sarkin wata ƙabila da ke bayan kogi. Rumawa kuwa sana'arsu ke nan. Da Simiyon ya taso musu a 894, sai suka ɗauko Majarawa, suka tsallako da su Danub a jiragensu, suka sako masa su ta baya. Da ya sake tasowa, suka zuga Sabiyawa. A zamanin ɗansa Bitrus suka biya Sviyatoslav, sarkin Kiyef, ya shigo a 968 ya ragargaza gabashin ƙasar, sannan su Rumawan suka zo a 971 da sunan korar baƙo, suka kwashe Preslav da sarkinta. Bulgeriya gida ce mai ƙofar baya a buɗe: filin da kakanninsu suka biyo suka shigo bai rufu a bayansu ba, duk wanda ya taso daga gabas da doki a nan yake saukowa.

Ga kuma rikicin gadon sarauta. Kada a yi zaton fadar Rumawa ta fi zaman lafiya, can ma ana kashewa ana ƙwaƙule idanu. Bambancin shi ne, in an kashe sarkin Rumawa da dare, da safe masu karɓar haraji na kan aikinsu. A Bulgeriya ƙarfin yana jikin mutum ɗaya da hakiman da suka yi masa caffa, in ya faɗi sai kowa ya kama gabansa.

Hanyar arewa

Inda nake ganin akwai dama ta gaske, wadda ba a cika magana a kanta ba, ita ce arewa. Bayan rushewar daular Avar a farkon ƙarni na 9, ikon Bulgarawa ya tsallaka Danub zuwa sassan Romaniya da gabashin Hangari na yau. Omurtag ɗan Kurum ya ƙulla sulhun shekara 30 da Rumawa, ya juya fuskarsa can. A 827 ya tura runduna cikin kwale-kwale ta kogin Drava ta kori hakiman da Farankawa suka naɗa. Akwai duwatsun tunawa da ya sa aka sassaƙa wa jarumansa, ɗaya ya nutse a kogin Tisa, ɗaya a kogin Dnieper. Dubi tazarar da ke tsakanin kogunan biyu a taswira ka ga inda dawakinsa suke kaiwa. Gishirin yankin Transilbaniya ma ta hannunsu yake fita, har a 892 sarkin Farankawan gabas, Arnulf, ya aiko yana roƙon kada su sayar wa abokan gabarsa na Morabiya.

Wannan fili ne na doki, irin wanda suka iya, babu ganuwar Tiyodosiyos, babu wutar Girkawa. Da sun zuba ƙarfinsu a nan, ba abin mamaki ba ne a sami daula daga duwatsun Balkan har tsakiyar Turai. Abin takaicin, Simiyon da hannunsa ya taimaka aka rufe wannan hanya. Don ya rama abin da Majarawa suka yi masa, ya haɗa kai da ƙabilar Pecheneg suka far wa matsugunansu. Majarawa suka tsallaka duwatsun Karpat wajen 895 zuwa 896, suka zauna a filin da ya zama Hangari, kuma suna nan har yau. Ya kori kura daga bayan gida, ta je ta tare a gonarsa. Ta yamma kuma, ya haɗiye Sabiya a 924, amma Kuroshiyawa suka karya rundunarsa a 926, shekara guda kafin rasuwarsa.

Zango na biyu

Daular Tarnovo ta sami abin da Simiyon bai samu ba: a 1204 mayaƙan Salibiyya suka ci Kustantiniyya, daular Rumawa ta tarwatse gida-gida. Lura da yadda suka ci ta, ta ganuwar bakin ruwa, daga kan jiragen Venis. Shekara guda bayan haka, a Afrilun 1205, sarkin Bulgeriya Kaloyan ya karya su a Adriyanopol, ya kama sarkinsu Baldwin ya kai shi Tarnovo. Sai dai ƙashin bayan rundunarsa baraden Kuman ne, mutanen da in zafi ya shigo sukan tattara su koma arewa, ka ga ba a yin dogon zaman kewaye birni da irinsu. Girkawan Tiras, yankin da ke kewaye da Adriyanopol, da suka goya masa baya da farko kuma ya gallaza musu har suka gwammace baƙin. Ya mutu a 1207 a gaban Tasalonika. Yayyensa biyu, Asen da Bitrus, dama kashe su aka yi, ɗaya a 1196, ɗaya a 1197.

Ivan Asen na Biyu ya fi su dabara. Bayan nasararsa a Klokotnitsa a 1230, ya saki ƙananan sojojin da ya kama suka koma gida, garuruwa suka riƙa buɗe masa ƙofa ba yaƙi. A jikin wani ginshiƙi a cocin Shahidai Arba'in da ke Tarnovo ya sa an rubuta cewa ya mallaki ƙasa daga Adriyanopol zuwa Dirakiyom, saura birnin Kustantiniyya da kewayensa da ke hannun Farankawa, wato mayaƙan Salibiyyan nan. Wannan "saura" ɗin ita ce dai ta Kurum da Simiyon. A 1235 ya haɗa kai da Girkawan Nikiya, ragowar daular Rumawa a Anadol, waɗanda ke da jirage, suka kewaye birnin. Jiragen Venis suka zo suka watsa na Nikiya. Shi ma ya fahimci cewa ko an ci, Girkawa ne za su shiga, don haka ya ja baya. Ya rasu a 1241 ya bar ƙaramin yaro a gado, a 1242 Mongolawa suka ratsa ƙasar, Bulgeriya ta koma mai biyan gandu. Daga nan sai gangara: Sabiyawa suka karya su a Velbazhd a 1330, ƙasar ta rabu uku, Tarnovo ta faɗa hannun Turkawa a 1393, garin Vidin a 1396.

Ka ambaci Turkawa, kuma kwatancin ya yi, domin Usmaniyawan Turkiyya daga wannan yankin suka ci birnin, fadarsu ma a Adriyanopol take, wato Edirne. Amma dubi abin da Muhammadul Fatih ya zo da shi a 1453. Yana riƙe da gaɓa biyu na mashigin Bosforos, ya gina ƙatuwar ganuwar tsaro a gaɓar Turai a 1452 ya datse hanyar hatsi. Yana da Anadol da Balkan a lokaci guda, ga soja masu albashi, ga igwa da ke fasa dutse, ga jiragen da ya jawo ta tudu ya zuba a Ƙahon Zinariya. Birnin kuma ya riga ya zama kufai idan aka kwatanta da na zamanin Simiyon. Duk da haka sai da ya yi kwana 53.

Inda maganata take da iyaka

Tarihin "da a ce" ba a gwada shi. Abin da na faɗa kan auren 913 da hanyar arewa hukuncina ne bisa abin da ya faru, wani masanin zai iya auna shi dabam. Sannan yawancin labaran nan daga alƙaluman Rumawa suka fito, wato abokan gaba, kuma alƙalumansu na lissafi sai an yi taka-tsantsan. Misali, labarin da ya fi shahara, cewa Basil ya makantar da fursunoni 15,000 bayan yaƙin Kleidiyon a 1014, ya bar mai ido ɗaya a kowane ɗari ya ja su gida, Samuyil ya gan su ya faɗi ya mutu bayan kwana biyu. Masana da dama na ganin an ƙara wa adadin gishiri, domin Bulgarawa sun ci gaba da yaƙi har shekara huɗu bayan haka.

Akwai kuma wurin da nake saɓa wa tsofaffin marubuta. Sun daɗe suna kiran Bitrus ɗan Simiyon rago, don ya yi sulhu a 927 ya auri jikar Romanos. Ni ina ganin shi ne ya yi lissafi daidai. A wannan sulhu Rumawa suka amince masa da muƙamin sarki mai cikakken iko, suka amince wa cocin Bulgeriya da shugabanta na kanta, abin da mahaifinsa ya yi shekaru yana zubar da jini bai samu a rubuce ba, ƙasar kuma ta huta kusan shekara 40. Littattafan da aka fassara aka kwafa a Preslav da Ohrid tun zamanin kakansa Boris, wanda ya karɓi Kiristanci wajen 864, su ne suka tsallaka zuwa Sabiya da Kiyef. Haruffan Sirilik da aka tsara a Bulgeriya a wancan zamani, da su ake rubutu yau a Mosko da Belgrad, har da Ulan Bator ta Mongolawan da suka taɓa karɓar gandu daga Tarnovo.